Takardar da ta hana lauyan Pentagon zama alƙali

A ranar 27 ga Nuwamba, 2002, wata takarda mai shafi ɗaya tak ta tashi daga ofishin William Haynes, babban lauyan ma'aikatar tsaron Amurka, ta sauka a teburin ministan tsaro Donald Rumsfeld. Shawara ce a kan yadda za a tatsi bayanai daga fursunonin Guantanamo. A cikin abubuwan da lauyan ya ce a amince da su akwai tsayar da mutum na awa huɗu, da kulle shi shi kaɗai har kwana 30, da yi masa tambayoyi na awa 20 a jere, da tuɓe shi, da aske masa gemu da ƙarfi, da ƙwace kayan ibadarsa, da tsorata shi da karnuka. Rumsfeld ya sa hannu ranar 2 ga Disamba, har ya ƙara da rubutun hannu a ƙasa, yana tambaya me ya sa aka tsaya a awa huɗu, alhali shi yakan yi awa takwas zuwa goma a tsaye kullum.

Wannan shafi ne ya raba Haynes da rigar alƙalanci, kuma majalisar dattawan Amurka ta yi daidai da ta ƙi ba shi.

Ba a ilimi ya gaza ba. Ya yi karatun lauya a Harvard, ya yi aikin soja, ya riƙe muƙamin babban lauyan rundunar sojin ƙasa a zamanin Bush Babba, ya yi aiki da kamfanin ƙera makamai na General Dynamics, sannan ya shigo Pentagon, wato ma'aikatar tsaron, a 2001. A watan Satumban 2003 shugaba George W. Bush ya aika sunansa majalisa domin zama alƙali a kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta huɗu da ke Richmond, jihar Virginia. Kujera ce ta mutu-ka-raba, kuma kotun ce ta saurari shari'ar Yaser Hamdi, ɗan ƙasar Amurka da aka tsare da sunan abokin gaba a yaƙi. Wato an so a ɗora wanda ya taya tsara dokokin tsarewa a kan kujerar da ake kai kukan tsarewa.

Da farko abin ya tafi sumul, kwamitin shari'a ya wuce da sunansa a 2004. Sai hotunan kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi suka ɓulla a watan Afrilu, takardun sirri suka biyo baya, asiri ya tonu.

Masu kare shi suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Lauyan gwamnati, in ji su, ɗan aike ne, kuma ƙasar na cikin firgicin harin 11 ga Satumba. Sun kuma nuna cewa bai ba da shawarar a yi amfani da mafi munin dabarun da aka nema ba, irin su kwarara wa mutum ruwa a fuska har ya ji kamar zai nutse. Gaskiya ne. Amma hujjar tana rushewa idan aka tuna Alberto Mora, babban lauyan rundunar sojin ruwa, wanda shi ma gwamnatin Bush ce ta naɗa shi, a ginin nan guda yake aiki, firgicin nan guda ya gani. Mora ya taka ya sami Haynes a ofis a watan Disamba, ya faɗa masa abin nan zai iya kaiwa ga azabtarwa. Da ya ga ana jan ƙafa, ya ce zai rubuta ƙorafinsa a hukumance, kuma ranar 15 ga Janairu, 2003, Rumsfeld ya janye izinin. Ashe ana iya cewa a'a a Pentagon, rufin bai faɗo wa kowa a ka ba.

Ba 'yan adawa kaɗai suka taka masa burki ba. Sanata Lindsey Graham, ɗan jam'iyyar Bush wanda shi kansa lauyan sojan sama ne, ya nuna damuwa a kan yadda aka yi watsi da gargaɗin lauyoyin soja. Wasu manyan hafsoshi 20 da suka yi ritaya suka rubuta wa majalisa wasiƙar ƙin amincewa a 2006. Da jam'iyyar Democrat ta karɓe majalisar a zaɓen Nuwamba na shekarar, Haynes ya janye sunansa a Janairun 2007, ba tare da an taɓa kaɗa masa ƙuri'a a zauren ba.

Sai dai kada a yi saurin yi wa majalisar guɗa. Jay Bybee, wanda ya sa hannu a takardar ma'aikatar shari'a ta Agustan 2002 da ta matse ma'anar azabtarwa har ta kusa zama babu, ya samu amincewar wannan majalisa a Maris 2003, ya zama alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara. Takardarsa ba ta fito fili ba sai a 2004, bayan ya riga ya zauna daram. Shi ya tsallake kafin a kunna fitila, Haynes ya zo bayan an kunna.

Haynes ya bar Pentagon a 2008 ya koma kamfanin mai na Chevron. A Janairun 2009 Susan Crawford, jami'ar da ke kula da kotunan soja na Guantanamo, ta ce abin da aka yi wa Mohammed al-Qahtani, ɗan Saudiyyan da aka gwada dabarun a kansa, azabtarwa ce a shari'ance, shi ya sa ta ƙi gurfanar da shi. Sai a Maris 2022 aka mayar da shi gida domin jinyar taɓin hankali.