Ki Rufe Sawun Kwamfutarki

Yau zancenmu a kan kwamfuta ne, wadda ta zama kayan aikin gida kamar keken ɗinki. Uwargida tana lissafin cinikinta da ita, 'yar makaranta kuwa tana ɗauke da ita daga aji zuwa laburare. To amma ko kin san duk inda kika buɗe ta kika kama Wi-Fi, tana barin sawu?

Ga yadda abin yake. Na'urar Wi-Fi da ke cikin kowace kwamfuta tana da lamba tata tun daga masana'anta, ana kiranta adireshin MAC. Haruffa da alƙaluma ne guda 12, kuma rabin farkonsu yana nuna kamfanin da ya ƙera ta. Idan kika kama Wi-Fi na makaranta, ko na otal, ko na filin jirgin sama, akwatin da ke raba intanet a wurin yana ganin wannan lamba, yana kuma iya ajiye ta. Gaskiya ne lambar ba sunanki ba ce. Amma ranar da kika rubuta sunanki ko lambar wayarki don a ba ki intanet, an ƙulla su ke nan. Daga nan mai riƙe da akwatin yana iya sanin ranar da kika zo, da sa'ar da kika tashi, da sauran wuraren da kika zauna in akwatunan duk nasa ne.

Kada ki ce wannan tsoro ne kawai. A 2013 an gano wani kamfani a birnin Landan na ƙasar Ingila ya sa na'urori cikin kwandunan shara na bakin titi, suna tattara irin waɗannan lambobi daga wayoyin masu wucewa saboda harkar talla. Sai da hukumar birnin ta tsawata aka daina. In har kwandon shara zai yi haka, ina ga akwatin da kike zama kusa da shi kullum?

Maganin kuwa yana cikin kwamfutar, kuma kyauta ne. Ana iya sa ta ta riƙa nuna adireshin aro, ta ɓoye na ainihi. Kamfanin Microsoft ya kawo wannan tsari cikin Windows 10 a 2015, yana nan kuma cikin Windows 11, sai dai a kashe yake zuwa. Ki shiga saiti, ki buɗe sashen intanet, sa'an nan Wi-Fi. Za ki ga an rubuta da Turanci, "Random hardware addresses". Ki kunna. Kina kuma iya zaɓen Wi-Fi ɗaya ki ce a riƙa canza masa adireshi kowace rana. In ba ki ga wurin ba, watau na'urar Wi-Fi ɗinki ce ba ta ɗaukar tsarin.

Mai kwamfutar Mac kuwa, kamfanin Apple ya kawo abin a 2024 cikin macOS Sequoia, da sunan "Private Wi-Fi address". Zaɓi uku ne ga kowane Wi-Fi: a kashe, ko adireshin aro guda tsayayye, ko wanda ke canzawa duk mako 2. Ni a ganina, Wi-Fi na jama'a wanda kowa ke shiga, mai canzawa ya dace da shi.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, wasu makarantu da ofisoshi suna rajistar adireshin kwamfuta kafin su bar ta ta shiga, haka ma wasu magidanta kan yi a akwatin gida. In kin canza adireshi a irin wannan wuri, za ki ga intanet ta ƙi. Ba lalacewa ta yi ba, akwatin ne bai gane ki ba. Sai ki bar shi tsayayye ko ki kashe shi a wannan wuri kaɗai. Na biyu, adireshin aro ba layar zana ba ce. Ba ya ɓoye shafukan da kika buɗe, kuma in kin shiga da sunanki, an san ke ce. Saboda haka 'yan makaranta, kada wata ta ɗauka ta sami hanyar kauce wa dokar malamai.

Abin da ke damuna shi ne yadda mu mata muke barin irin wannan ga maigida, ko wa, ko mai gyara a kasuwa, mu ce ba fanninmu ba ne. Haba 'yar'uwa! Ke da kike kulle adakarki ki ɗaure makulli a bakin zane, ƙaƙa za ki bar wa wani sirrin zirga-zirgarki? Aikin bai kai tafasar ruwan shayi ba. Uwargida, ki zaunar da 'yarki ku duba tare kafin ta koma makaranta, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ke kuma yarinya, in kin iya, ki koya wa mamarki da ƙawayenki.

Allah ya rufa mana asiri. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili namu. Wassalam.