Dodon Cikin Waya Da Na Cikin Kwata

Na so a wannan makon mu ƙarasa maganar yaye da muka faro, sai wani abu ya gifta a gidan yayata, na ga gara in kawo muku shi tun da zafinsa.

Ranar Laraba na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba sai ga kiranta. "Ke, zo ki ga abin da yaron nan ya kwaso mana." A Sharaɗa take aure, maigidanta yana aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin jimar fata. Ɗanta na uku, mai shekara 12, ya kwana uku yana firgita cikin barci. Da ta binciki wayar da yake ara a hannunta, sai ta tarar da hotunan wata halitta mai kama da ƙatuwar laima tana shawagi a sama, jijiyoyi na reto a ƙarƙashinta, ba fuska ba baki. Sunan wasan kuma Magic, wani ya fassara mata da sihiri. Kafin in isa har ta aika a karɓo masa rubutu.

Na ce ta ba ni yaron mu zauna mu biyu a zaure. Yaro in ka tsare shi da ido a gaban uwarsa, ba abin da za ka samu sai "ni ban sani ba". Da ya ga tambayarsa nake yi da gaske, ba tarko na ɗana masa ba, sai baki ya buɗe, na sha karatu.

Wasan kati ne, cikakken sunansa Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993, yanzu kuma ana buga shi a waya. Kowane kati da hotonsa da ƙarfinsa, kuma akwai dogon labari a bayansu kamar littafin Hausa mai kashi-kashi. A 2010 suka shigo da wasu dodanni da ake kira Eldrazi. Manyansu uku ne. Ulamog duk inda ya bi sai ƙasa ta koma farar ƙura. Kozilek shi hankali da yanayin wuri yake juyawa, kusa ta zama nesa, sama ta zama ƙasa. Ta ukun, Emrakul, ita ce mai kama da laimar, kuma ita ce ta hana ɗanmu barci. Aikinta sauya halittar duk wani abu mai rai: dabba, tsiro, mutum. A labarin da aka fitar a 2016 ba a iya kashe ta ba, a cikin wata aka kulle ta. Ashe shi ya sa yaron ya daina yarda ya kwana a tsakar gida tunda farin wata ya fito.

Na ce, "To me ya fi ba ka tsoro a jikinta?"

Ya ce, "Anti, ba mugunta take yi ba fa. Ba ta ma san da mutane a wurin ba. Kuma tun kafin a gan ta abubuwa suke fara canjawa, sai daga baya a gane ta iso."

Hukuncin wasan kansa na malamai ne, ba na ma'aikaciyar jinya ba. Abin da na gaya wa Yaya ta fuskar aikina kaɗan ne. Masu wasan da kansu sun rubuta cewa na 'yan shekara 13 zuwa sama ne. Yaron da ya kalli irin waɗannan hotuna ƙarfe sha ɗaya na dare, cikin duhu, da su zai kwana. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda ake sayar da katunan a ƙunshe, sai ka biya ka buɗe sannan ka san abin da ka samu, wannan kuwa ƙanin caca ne. Muka yi yarjejeniya waya ta koma hannun uwarsa daga sallar isha'i, kuma ba a haɗa ta da katin banki.

Da nan maganar ta tsaya da ban ɗauki alƙalami ba. Muna zaune yana ba ni labari, hannunsa na ta kai wa ƙafa. Na ce ya ɗage wandonsa. Daga idon sawu zuwa rabin ƙwauri fatar ta yi ja, ta tsattsage, wani wurin har yana tsatsar ruwa, kuma ta tsaya a layi ɗaya cif kamar an sa masa safa. Ƙurajen da suka tsaya a layi irin wannan, yawanci wani abu fata ta shiga. Sai da na lallashe shi ya faɗa: a filin da suke ƙwallo akwai kwatar da ke fitowa ta wajen kamfanoni, in ƙwallo ta faɗa, ƙaramin cikinsu ake turawa ya ɗauko. Shi ne ƙaramin. Uwarsa ta ga ƙafar tun mako biyu da suka wuce, ta ɗauka ƙaiƙayin zafi ne, tana ta shafa masa man nan na kemis mai haɗi uku.

Wadda ta taɓa zama a Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ta san ruwan da nake nufi. Yau baƙi, gobe shuɗi-shuɗi, jibi ja, da warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke shiga har cikin ɗaki in iska ta juyo. Kano garin fata ne tun kaka da kakanni, kuma majemanmu na cikin gari da bagaruwa suke jima. Jimar kamfani daban ce. Ana cire gashi da farar ƙasa da wani sinadari mai suna salfaid, shi ne mai warin ƙwan, sannan a jeme fatar da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam. Ga kuma rinin masaƙu da dattin sauran masana'antu. Doka ta ce a tace ruwan kafin a sake shi. Inda ba a tace ba, haka yake bin kwata ya shiga rafi. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, shi da na Challawa duk kogin Challawa suke nufa. Masu bincike a Jami'ar Bayero da wasu jami'o'in sun sha auna waɗannan ruwaye, suna samun ƙarafa irin su kuromiyam da dalma a cikin ruwan, da ƙasar bakin rafi, da ganyen da ake nomawa da shi da rani.

Nan ne maganar yaron ta dawo min. Ƙarfe a jiki ba ya sallama. Kwalara in ta shigo unguwa, kafin kwana biyu kowa ya sani. Shi kuwa wannan taruwa yake yi a hankali. Kuromiyam kala biyu ne a wajen masana: wanda ake jima da shi ya fi sauƙi, amma yana iya rikiɗa ya koma ɗayan, mai cin fata, wanda aka tabbatar shaƙar ƙurarsa na kawo kansar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a litar ruwan sha. Dalma kuwa babu adadin da aka ce ba shi da illa ga yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jini, yaro ya riƙa ja baya a karatu ana ta dukansa a kan wasa. Mun ga iyakar abin a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Ba cewa nake Kano ta kai can ba, sanadin ma ba ɗaya ba ne. Abin da nake so ku riƙe daga Zamfara shi ne a tsakar gida ake daka duwatsun, a tufafin iyaye kuma ƙurar take shiga ɗaki.

Shi ya sa na fi tsayawa a kan kayan aikin maigidan Yaya. Bawan Allah yana dawowa da kayan da ya wuni da su, autarsu mai wata 9 ta rarrafo ya ɗauke ta ya rungume, wa zai ga laifinsa? Amma kayan nan a wajen aiki ya kamata a tuɓe su, in ba hali a zaure, takalmin ma kada ya wuce nan. A yi wanka kafin a ɗauki yaro. A wanke su daban, a bahon da ba na kayan yara ba, mai wankin kuma ta sa safar hannu ta roba, musamman mai ciki.

Sai ruwa, inda na san da yawa za ku ce ai muna tafasawa. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta fitar da ƙarfe. Ruwan ne ma yake ƙonewa ya bar shi a tukunya. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau a ido, amma garau ba shaida ba ce. In rijiyarku ba ta da zurfi kuma tana kusa da irin wannan kwata, a bar ta ga shara da wankin ƙasa, kada a dama wa jariri koko ko madara da ita har sai an kai an auna. Ganye ma haka, wanki da gishiri yana fitar da ƙasa da ƙwan tsutsa, abin da saiwa ta riga ta zuƙa yana nan. Kada wata ta ce na hana cin alayyafo da latas, yaranmu ma ba sa samun isasshe. Ki dai tambayi mai kayan miyarki daga ina yake sarowa. Na Kura da Kadawa da ruwan Tiga ake noma su. Ganda kuma, NAFDAC ta sha gargaɗi a kan fatun da aka tanada don masana'anta suna ɓullowa kasuwa a matsayin abinci, don haka wadda ta cika kauri da arha ko take warin magani, ki bar wa mai ita.

Ba na cikin masu cewa a rufe kamfanoni. Albashin can ne yake biyan kuɗin makarantar yaron da nake ba ku labarinsa, kuma mun ga yadda gidaje suka shiga wani hali da masaƙu suka durƙushe. A tace ruwan ne kawai, a rufe kwatocin da ke ratsa unguwa. Akwai Ma'aikatar Muhalli ta jiha, akwai hukumar NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007 don irin wannan. Koken mace ɗaya ba ya nisa, amma takarda mai sa hannun gida 30 da ta bi ta hannun mai unguwa, da hotuna da kwanan wata, tana da wuyar jefarwa a kwando. Wayar da ke hannunki ta isa ɗaukar hoton.

Yaron dai mun kai shi asibiti washegari. Likita ya ce fatar ce ta taɓa abin da ya ƙone ta, ƙwayoyin cuta kuma suka samu ƙofa. Ya hana man kemis ɗin, ya rubuta wani. In yaronki ya faɗa irin wannan ruwa, ki cire kayan, ki wanke wurin da ruwa mai yawa da sabulu nan take, in ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15 sannan a tafi asibiti.

Jiya na leƙa su, ƙafar ta fara bushewa, barci ma ya dawo. Babansa ya ɗaura tsohon kwando a bakin doguwar gora ya ba 'yan ƙwallon, Yaya kuma ta fara zagaya maƙwabta da takardarta, ta samu gida 11. Na Challawa da Panshekara da Dakata, ku rubuto min a ƙasa wane launi kwatarku take yi a wannan watan, kuma da wane ruwa kuke dafa abinci. Maganar yaye sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.