ƊA NA UBA NE, AMMA RENO NA UWA NE



Akwai wani zalunci da ya zama ruwan dare a ƙasar Yawuri, tun daga Yelwa har Wara, Ngaski, Shanga da ƙauyukan masunta na bakin tafkin Kainji, wanda ba a cika jin masu wa'azi sun taɓo shi ba. Mutum zai saki matarsa, ranar da ta yaye goyonta sai ya turo ƙanensa a kan babur a ɗauke yaron, a kai wa kishiya ko tsohuwarsa. In uwa ta buɗe baki sai a ce mata ai ɗa na uba ne, mace ba ta da ɗa. Ita kuma sai ta share hawaye ta yi shiru, a zatonta haka addini ya ce.

To, addini bai ce haka ba. Nasaba ta uba ce, ciyarwa a kansa take, amma reno, wanda malamai ke kira hadana, haƙƙin uwa ne. A mazhabar Malikiyya, wadda da ita alƙalan Jihar Kebbi ke hukunci, yaro namiji yana hannun uwarsa har ya balaga, yarinya kuma har ta yi aure ta tare. Ba shekara 2 ba, ba 7 ba. Wannan yana nan a Risala, littafin da ɗaliban zaure ke bita dare da rana, yana nan a Mukhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim da ke kan teburin alƙalai. Idan uwa ta rasu, ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, ba uba ne ke bi mata ba. Kakarsa ta wajen uwa ce, sannan 'yar'uwar uwarsa. Uba yana can baya a layi.

Wanda ke ganin an rage masa girma, ya duba Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Sayyidina Umar (R.A.) ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da ɗansu Asim yana wasa a harabar masallaci, ya ɗora shi a kan dabbarsa zai wuce. Kakar yaron ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Halifa Abubakar (R.A.), shi kuwa ya yi umarni a bar mata yaron. Umar bai ƙara magana ba. Umar fa, wanda sarakunan Farisa da Rum suka ji tsoronsa! Wane ne kuma wani saurayin jiya da zai ce ba za a raba shi da jininsa ba?

Abin takaici, da yawa daga masu wannan aiki su ne 'yan sahun gaba, masu kabbara in an ambaci Shari'a. Tun 2000 aka ƙaddamar da Shari'a a Jihar Kebbi, aka yi ta murna. Ashe wasu abin da suke nufi da ita shi ne bulalar mashayi da hannun ɓarawo; ranar da ta shigo zauren gidansu sai su koma wa al'ada.

Wata dabarar kuma ta bakin ruwa ce. Uba zai ce wa alƙali ai tashi zai yi, don haka a ba shi ɗansa. Gaskiya ne fiƙihu ya yarda uba ya tafi da yaro in zai yi ƙaura, amma da sharaɗi: tafiyar ta kai baridi 6, wato kamar mil 72, ta zama ta zama ce ba ta fatauci ba, hanya da garin kuma su kasance da aminci. Masuncin da ya bi kifi zuwa wani gungu na wata uku ya dawo bai yi ƙaura ba. Sau da yawa ma ba ɗa yake so ba, hannun da zai kwarfe ruwa a kwale-kwale ya ja koma yake nema. Wanda ya tuna jirgin da ya nutse a kusa da Wara a watan Mayu na 2021 ya san ruwan nan ba wurin wasan yara ba ne.

Alƙalai ma da nasu. Wanda aka kawo wa irin wannan ƙara ya tura su gida wai dattawa su sasanta, alhali ya san dattawan al'ada za su bi, ya gudu ne daga amanar da aka ɗora masa. Sulhu alheri ne, amma sai mai haƙƙi ta san haƙƙinta tukuna. Aikinsa ya binciki hankalinta, amanarta da lafiyarta, ya yanka wa uba kuɗin ci da sutura da magani gwargwadon samunsa, ya kuma tabbatar masa da ikon ganin ɗansa da kai shi makaranta, yaro ya wuni a karatu ya kwana wurin uwarsa. Uwar da ke ɓoye yaro ita ma a tsawatar mata.

Matar da aka danne a kotun ƙasa tana da damar ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Birnin Kebbi, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan irin wannan. Sai dai bazawarar ƙauye ba ta san da wannan ba, ba ta kuma da kuɗin mota daga Wara zuwa can. Yayanta ko ƙanenta da ke riƙe da wannan jarida yau, shi ya kamata ya karanta mata, ya raka ta.