Gadon da Ya Fi Ƙarfin Ɗaki

A makonnin da ke gabanin azumi, lokacin da ɗaurin aure ke yawaita, ba wuya mutum ya tarar da motar kaya ta toshe lungu, kafintoci na fama da allon gado a bakin ƙofa, 'yan jere sun yi cirko-cirko. A karkata shi ta nan, a juya ta can, daga ƙarshe a cire ƙyaure. In an gama a rangaɗa guɗa, kowa ya ce ɗaki ya yi kyau. Wadda za ta kwana ta tashi a ciki kuwa, sai bayan an watse za ta gane cewa ba ta da inda za ta shimfiɗa darduma.

Mu yi lissafi, domin ba a musu da tef ɗin awo. Ɗakunan haya da yawa a Kano da Zariya da Kaduna ƙafa 10 ne da 12, wato murabba'in ƙafa 120. Katifa mai ƙafa 6 da 6, idan aka haɗa da katakon gado da allon kai, takan ci kusan 45. Durowoyi biyu na gefen gado su ɗauki 5. Sif mai faɗin ƙafa 6 da zurfin ƙafa 2 ta ci 12, sannan tana buƙatar wasu 12 a gabanta kafin murafenta su buɗe. Madubi ya ɗauki 6, ƙyauren ɗaki ya nemi 9 don ya kewaya. Abin da ya rage bai wuce 30 da 'yan kai ba, shi ma a warwatse, taku ɗaya nan, taku biyu can. Ba a ma zo kan akwatunan lefe ba.

A Ingila, ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 2015 kan girman sababbin gidaje ta ce ɗakin kwanan mutum biyu kada ya gaza murabba'in mita 11.5, na mutum ɗaya kuma 7.5. Namu mai ƙafa 10 da 12 murabba'in mita 11 ne da ɗan ɗoriya. Ashe ko a ma'aunin ƙasar da ba ta san zafin bazararmu ba, ɗakin bai kai na mutum biyu ba, amma mu muke cusa masa kayan da aka zana domin ɗakin da ya ninka shi.

Ƙaramin ɗaki ba baƙonmu ba ne. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, sai an yi mata dabarar gini irin ta bakan gizo, wanda ba kowa ke da halinsa ba. Saboda haka ɗakunan talakawa ƙanana ne tun asali, kuma iyayenmu sun san yadda ake zama da su. Tabarma a shimfiɗa da dare, a naɗe da safe a jingine. Ƙwarya a sa ta a ragaya ta yi lilo a sama. Fitila tana alkuki, a cikin bangon kansa. Tufafi suna adudu, jeren kwanuka kuma ya hau bango har kusa da rufi. Gadon ƙarfe mai dogayen ƙafafu da ya zo daga baya, ƙarƙashinsa rumbu ne guda. Hikimar duka ɗaya ce: kaya su hau sama, ƙasa ta zama ta mutane. Japanawa har yau suna auna ɗaki da adadin tabarmin da zai ɗauka, kuma da yawansu sukan naɗe shimfiɗa da safe su sa a ma'ajiyar bango. Idan muka gani a wurinsu sai mu kira shi wayewa.

A ganina ma'aunin ɗakin kwana shi ne wannan: bayan an gama jere, mutum biyu za su iya tsayuwar sallah suna fuskantar alƙibla ba tare da an ja wani abu gefe ba? Idan za su iya, to jariri ma zai sami wurin rarrafe, baƙuwa ta sami wurin zama, tsintsiya ta shiga ko'ina. Daga wannan filin ya kamata a fara. A ware shi tukuna, abin da ya saura shi ne rabon kaya.

Gado shi ne babban mai cin wuri. Katifa mai faɗin ƙafa huɗu da rabi ta wadaci mutum biyu, kuma tana mayar wa ɗaki murabba'in ƙafa 9, kusan wurin darduma guda. A jingina gadon da bango ta gefe ɗaya maimakon a dasa shi a tsakiya kamar na otal. A sa kafinta ya yi masa durowoyi a ƙasa, ko ya ɗaga shi yadda akwati zai shige. Sif kuwa gara doguwa siririya mai kaiwa silin da gajeriya mai faɗi, kuma murafenta su zama masu zamewa gefe, ba masu buɗowa waje ba. Wannan kaɗai ya ceto filin da ke gabanta. Madubi a manna shi jikin murfin sif. Saman ƙofa akwai wurin kanta da kusan kowa ke bari a banza, bayan ƙyaure kuma akwai wurin maratayi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin kafintan unguwa, in dai an gaya masa tun kafin ya yanka katako.

Abin da ya fi damuna shi ne taga. Sau da yawa ita ce ta farko da ake sadaukarwa, a jingina mata sif ko allon gado, ko a rufe ta da labule mai kauri hawa biyu. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma a ranin nan ne sanƙarau ke yaɗuwa, cutar da cunkoso da ƙarancin iska ke taimaka wa. Haka tarin fuka. Da sanyin hunturu kuma akwai masu shiga da kaskon gawayi su rufe ko'ina, alhali gawayi na fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Ɗakin da tagarsa ke bayan sif ba kwalliya aka yi masa ba. Wani abin takaicin, gadajen yayi da yawa ba su da ko wurin ɗaura gidan sauro, abin da gadon ƙarfe mai rumfa ya zo da shi tun daga maƙera.

Na san ba rashin sanin lissafi ne ke sa uwa ta yi odar gadon da ya fi ɗaki ba. Kayan ɗaki mallakar amarya ne, su ne martabarta a idon dangin miji da kishiyoyi, kuma 'yan ganin ɗaki ba sa yafiya. Uwar da ta shekara goma tana zubin adashi domin wannan rana ba za ta so a ce ta yi wa 'yarta ƙwauro ba. Wannan dalili ne mai nauyi, ban raina shi ba. Sai dai kwanukan da kakanninmu suka jera dukiya ce da ake iya sayarwa ranar buƙata. Allon garin katako da ake yin yawancin kayan yanzu da shi kuwa, da zarar ya sha danshin damina sai ya kumbura, kuma da wuya ya jure tashi biyu daga gidan haya zuwa wani. Kuɗin da aka rage daga girman gado, in aka mayar da shi ɗan kunnen zinari ko keken ɗinki, yana nan a hannun yarinyar.

Tushen matsalar, ango ne ke kama ɗaki, iyayen amarya ne ke yin kaya, kuma kunya ta hana ɓangarorin biyu zancen awo. Wasu gidajen sun fara tura kafinta ya ga ɗaki kafin a ba shi aiki. In zai je, kada ya tsaya a tsawo da faɗi. Ya auno faɗin ƙofa da kwanar lungun da za a bi da kaya, ya duba inda taga take da inda soket yake, ya ga ta wane gefe ƙyaure ke buɗewa, sannan ya tambayi maƙwabta ina ne gabas.