Igiyar da ta Rataye Timothy Evans

A watan Maris na 1950 aka rataye wani direba mai suna Timothy Evans a Landan, bisa laifin kashe 'yarsa jaririya. Mutum ne wanda ko karatun kirki bai iya ba. A hannun 'yan sanda ya amsa laifi. A gaban alƙali ya janye, ya ce maƙwabcinsa John Christie ne ya yi kisan. Ba a saurare shi ba, gama Christie ya taɓa aikin ɗan sanda, kuma shi ne babban mashaidin gwamnati.

A 1953 aka gano gawarwakin mata 6 a wannan gida, duk aikin Christie. Sai a 1966 aka yi wa Evans afuwa. Afuwa ga wanda aka binne shekara 16 da suka wuce!

Ingila ta soke rataya a kan laifin kisa tun 1965, amma mu a Nijeriya da muka gaji tsarin shari'arta muna nan riƙe da igiyar. 'Yan'uwa ɗalibai, a cikinmu ne alƙalai da lauyoyin gwamnati na gobe suke. Ra'ayinmu shi ne kada kotu ta yanke hukuncin kisa bisa iƙirarin da aka samo a ofishin 'yan sanda, sai da wata shaida dabam mai tabbatar da shi.