An Sallame Ta Daga Asibiti, Amma Jinya Ba Ta Ƙare Ba

A wannan wata za mu ajiye zancen taki da iri, mu yi zancen bayan da ke sunkuyawa a gona, da abin da ya wajaba a kan ƙungiya sa'ad da aka yi wa matar wani ko mijin wata aikin ƙashin baya.

Abin ya same mu a gida. Bara aka yi wa uwargidanmu wannan aiki, bayan ta daɗe tana fama da ciwon da ke tasowa daga ƙugu ya sauka har tafin ƙafa. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne, 5 daga cikinsu a wajen ƙugu, kuma tsakaninsu akwai wani faifai mai taushi kamar gammo. In gammon nan ya tsage, yakan turo ya danne jijiyar da ke zuwa ƙafa. Abin da ya danne jijiyar ne likita ya cire.

Da muka dawo gida, jama'a suka yi ta zuwa barka, kowa yana cewa ta warke. Mu ma muka ɗauka haka ne. A mako na biyu zazzaɓi ya kama ta. Muka ce na sauro ne, muka sayo magani a kemis, muka ɓata kwana biyu. Ashe wurin ɗinkin ne ya ruɓe yana tara mugunya. Aka sake kwantar da ita, aka wanke mikin, aka yi ta allura. Laifin jinkirin nan namu ne, mu da muke yawo ƙauyuka muna koya wa mutane su lura da alamun cuta a jikin shuka. Bayan wannan kuma, wata rana ba ma gida, hadari ya taso, ta sunkuya ta kwashe gyaɗar da aka shanya. Ciwon ƙafa ya dawo, jinya ta koma baya da makonni.

Don haka muke roƙonku ku riƙe alamun da ba a kwana da su a gida. Zazzaɓi tare da ja, kumburi ko ruwa a wurin ɗinki. Kumburi da zafi a sha-raɓar ƙafa ɗaya, gama jini yana iya daskarewa a jijiyar mai yawan kwanciya, in kuwa gudan ya tafi huhu, numfashi yakan sarƙe. Ƙafa tana ƙara mutuwa. Mafi haɗari duka, mutum ya kasa yin fitsari ko ya kasa riƙe shi, ko tsakanin cinyoyinsa ya yi kamar ba nasa ba. Wannan a nemi mota nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a kai wa mai ɗori, kada a yi ƙaho ko gashi a wurin.

Likitoci sukan hana sunkuyawa, da murɗa jiki, da ɗaukar kaya mai nauyi na wajen mako 6. Aiki mai ƙarfi irin noma sai bayan wata 3 ko fiye, yadda likita ya gani. In an haɗa ƙasusuwa biyu da ƙarfe, haɗin yana iya kai wata 6 zuwa shekara kafin ya kama sosai, shan taba kuwa yana hana shi kamawa. Amma kwanciya kullum ba magani ba ce. Tafiya kaɗan kaɗan kowace rana ita ce ke maido da ƙarfi. Wanda ba ya iya tashi, a riƙa juya shi kowace awa 2 don kada fatarsa ta yi miki. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin tramadol suna taurara bayan gida, suna kuma kama mutum, sai a sha daidai yadda aka rubuta.

To, ku duba aikin mace a ƙauyenmu. Daka, jan guga, ɗaukar itace, goyo, shara da gajeren tsintsiya, girki a murhun ƙasa. Wanne ne ba ya buƙatar sunkuyo ko ɗauka? In maigida bai karɓi aikin nan ba, ita za ta yi, don ba za ta ga yara da yunwa ta zauna ba. Mun ɗebo ruwa, mun tuƙa tuwo, an yi mana dariya, ba abin da ya ragu a jikinmu. Alkawarin da muka ɗauka gaban ikkilisiya ranar aure ya haɗa da kwanakin ciwo. Masu cewa ta cika son jiki, su bari.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga shawararmu ga kowace ƙungiya. A kira gayya a gonar gidan nan a lokacin shuka, da noman farko, da girbi. A ɗaga musu biyan bashin taki zuwa kaka ta gaba. A ware ɗan kuɗi a asusu don mota, domin irin wannan aiki sai manyan asibitoci kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, kuma ana komawa ganin likita ba sau ɗaya ba. Zumuntar mata ta raba kwanakin ruwa da itace a tsakaninta, a rubuce, har wata 3.

Wani zai ce ƙungiyar noma ce, ba ta jinya ba. Gaskiya ne. Amma gidan da ya rasa damina ɗaya yakan sayar da shanun huɗa ko ya jinginar da gona, daga nan kuwa ba ya iya biyan bashi, ƙungiya ta yi hasarar kuɗi da ɗan'uwa gaba ɗaya. Gayyar kwana uku ta fi wannan araha.

Uwargidanmu tana tafiya yanzu, tana kuma ɗan aikin lambu da fartanya mai doguwar ƙota. Mun gode wa Allah, mun gode wa waɗanda suka nome mana gona. Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa, tun kafin ruwa ya sauka.