Sanyin Firiji Bai Dace da Kwamfutar Sabuwa Ba

Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato furosesa, tana ɗaukar zafi gwargwadon aikinta. Idan aka tilasta mata gudu fiye da ƙa'idar masu ƙera ta, zafin yakan kusanci digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, sai ta rage gudu da kanta. Saboda haka wasu sukan ɗora mata na'ura irin ta firiji: kwamfureso ya matse gas ya zama ruwa, ruwan ya ƙafe a kan furosesar ya tafi da zafin, kamar yadda gumi yake sanyaya fata. Sanyin yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili.

To, amma ɗalibin Sabuwa ya kamata ya yi hattara. A kudancin Katsina iskar watan Agusta cike take da danshi. Yadda kwalbar lemo mai sanyi take yin raɓa, haka wayoyin da ke kewaye da furosesar za su jiƙe, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya lalata su. Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda take gajiyar da kwamfureso.

Abin da ya fi dacewa shi ne fanka mai ƙarfi, da kakkaɓe ƙurar hunturu a kai a kai. Kuɗin kwamfureson kuwa, gara makaranta ta sayi batir da faifan sola.